Madubin Rana a Fadar Bello, Madubin Taurari a Tsakar Gida

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanen hanya suka laƙaba wa suna Abdullahi, ya iso Sakkwato. Bai daɗe da sauka ba Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika masa ya zo da na'urar nan da jama'a suka riga suka raɗa wa suna madubin rana, wato abin da matuƙan jirgin ruwa ke auna tsayin rana da shi don su san inda suke a doron ƙasa. Baƙon ya fara da shimfiɗa faifan taswirar sama a gaban Sarki. A littafin tafiyarsa ya shaida cewa Bello ya san burujan nan goma sha biyu dukkansu, ya san wasu daga cikin gungun taurari, ya kuma ambaci taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Har an ɗan yi abin dariya a zaman: mabuɗin wani akwatin kayan awo ya ɓace, Baturen ya roƙi a ba shi wuƙa ya ɓamɓare murfin, wani ya miƙo masa, ta yi ƙanƙanta, yana neman a ba shi babba sai Sarki ya kai hannu ga takobinsa. Da Clapperton ya dawo karo na biyu a 1826, bayan ya ratsa ta Zariya, ya kawo wa Bello littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafi da wani ɗan'uwa ya samo daga Makka, gobara ce ta cinye shi.

Na kawo wannan labari ne don mai karatu ya auna shi da halinmu na yau. Shekara ɗari biyu bayan wannan zama, a Samaru akwai jami'a da ake koyar da kimiyyar lissafi da ta fiziya tun 1962, a cikin Zariya akwai kwalejin horar da matuƙan jirgin sama tun 1964, amma da wuya ka tara masu digiri goma a Dogarawa ko Sabon Gari ka sami biyu da za su ɗaga kai da dare su nuna maka tauraro biyar da sunansu. Ilimin da sarki mai fama da yaƙi da mulki ya riƙe a kansa ya zame mana kamar labarin ƙasar waje.

Sanin Bello ba daga sama ya faɗo ba. Ƙarni guda kafin shi, Katsina ta fitar da Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi kan hatimai na lissafi da wani babba mai suna al-Durr al-Manzum kan ilimin ɗalasimai da taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, malamin falaki na Azhar kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya sa tarihin rayuwar Bakatsinen a littafinsa. A ce malamin falakin Alƙahira ya sauki mutumin Katsina a gidansa har ya gaji littattafansa, wannan ya isa shaida kan matsayin karatun da ake yi a ƙasar Hausa a lokacin.

Sai dai tun asali ilimin ya zo da tabo, kuma tabon bai goge ba har yau. Malamai sun raba tsakanin falaki, wanda ake sanin lokutan salla da alƙibla da shigowar damina da shi, da tanjimi, wanda ake da'awar sanin gaibu da shi. Bello kansa ya rubuta gargaɗi kan nisantar masu rufa-ido da masu duba da taurari. Harshenmu ma ya nuna inda gizo ke saƙa: ka ce wa dattijo kana kallon taurari, zai ɗauke ka mara aikin yi, ka kuskura ka ce duban taurari, ya sa ka cikin jerin malaman duba. A ganina wannan kalma guda ta yi wa ilimin falaki ɓarnar da rashin kuɗi bai yi masa ba, domin mutumin kirki ya gwammace ya bar abu gaba ɗaya da a jingina masa bokanci.

Abin da ya fi shiga rayuwar talaka shi ne hisabin manzilolin nan ashirin da takwas. An kasa shekarar rana gida 28, kowane tauraro kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla 365. Kowane yanayi, bazara da damina da kaka da ɗari, yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan, kuma tsofaffin manoma sukan tambayi malamin unguwa wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka ko su yanke ƙauna da ita. An tsara wannan lissafi a waƙe da Hausa don ya yi sauƙin hadda, har Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya rubuta maƙala a kansa a 1967. A ƙarƙashin sunayen Larabcin kuma akwai namu na gida da suka girme su a bakin jama'a: Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, Zara matar wata, Gamzaki da ke tada matafiya da asuba. Zara da Gamzaki, ga wanda bai sani ba, duniya ɗaya ce, Zuhura, wani lokaci ta biyo bayan rana da magariba, wani lokaci ta riga ta fitowa.

Akwai wani rauni a cikin hisabin da ba a cika magana a kansa ba. An ƙulla shi ne da fitowar taurari da asuba kamar yadda aka gan su a wata ƙasa, a wani zamani. To amma sandar da duniya ke juyawa a kanta tana yin wani lilo a hankali, wanda ke sa ranar fitowar kowane tauraro ta ja baya da kimanin kwana ɗaya a duk shekara 71 ko 72. Cikin shekara dubu an zame da kwana goma sha huɗu, tsawon manzila guda cur. Muddin malami yana fita da asuba yana gwada takardarsa da abin da idonsa ya gani, zai lura ya gyara. Ranar da hisabi ya koma daga sama zuwa takarda kaɗai, ana kwafa daga kwafi, sai ya zama jadawali mai suna taurari alhali babu mai duba ko taurarin suna inda aka ce. Mai son gwadawa a Zariya yau zai tarar Kaza tana ɓacewa a yamma wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, rana ta haɗiye ta, sa'an nan ta sake ɓullowa a gabas kafin fitowar rana cikin makonnin farko na Yuni, daidai lokacin da ruwa ke zama.

Mu ba mu taɓa yin gidan nazarin taurari irin na sarakuna ba, kuma ban tabbata mun yi asara da yawa a nan ba in aka dubi ƙarshen waɗanda suka yi. Na Maraga a Farisa, wanda aka fara a 1259 ƙarƙashin Nasiruddin al-Ɗusi, ya zama kufai bayan 'yan shekarun da masu ɗaukar nauyinsa suka kau. Na Samarƙand ya mutu bayan kisan Ulug Beg a 1449. Na Istambul, wanda Taƙiyuddin ya kammala a 1577, an rushe shi da umarnin Sarki a 1580. Abin da ya yi tsawon rai a duniyar Musulmi shi ne aikin mai kula da lokaci a masallaci, da na ladan, da na manomi. A nan ƙasar kayan aikin su ne sanda da inuwa da tafin ƙafa: mutum ya tsaya a rana ya ƙirga inuwarsa da ƙafafunsa, tsawonsa ƙafa bakwai, in inuwar ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, la'asar ta shiga. Wurin aikin kuwa saman soro ne, ko bakin ganuwa, ko tudu irin Kufena.

Sabon Gari na da hannu a yadda wannan ya gushe. Dogo ya iso Zariya a zamanin da aka shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos. Jirgin ƙasa ba ya tafiya da inuwa, da agogo yake tafiya, kuma agogo ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Tun 1919 Nijeriya ke bin lokacin da ya dace da layi na 15 gabas da Girinic, alhali Zariya na kusa da layi na 7.7. Bambancin ya kai kusan minti 29, shi ya sa zawali a Zariya ke faɗawa wajen sha biyu da rabi, yana kai-komo da kimanin rubu'in awa gaba ko baya a tsawon shekara. Da agogo ya shiga aljihu, kalanda ta hau bango, sai ladan ya daina bukatar sanda. Makarantar boko kuma ta zo da nata taurarin a littafi, da sunayen Girkanci, ba ta taɓa fita da yara waje da dare ba. Aka bar tsohon ilimi, sabon kuma bai sauko daga allo ba.

Kada a ɗauka wannan zancen marmari ne kawai. Richard Lander da ƙanensa sun ba da labarin husufin wata a Busa a 1830, gari ya ruɗe da kiɗa da kururuwa, mutane na cewa rana ce ta kama wata. A watan Janairu na 2001 wata ya yi husufi, matasa a Maiduguri suka far wa otal-otal da mashaya suna cewa zunubin masu su ne ya jawo. Tsakanin waɗannan biyun akwai shekara 171 da makarantu da ba su ƙirguwa. A ranar 29 ga Maris, 2006, da rana ta yi cikakken husufi a Gusau da Katsina da hantsi, an sami natsuwa, kuma babban dalili shi ne an yi ta sanarwa tun kafin ranar. Sa'an nan ga batun da ke dawo mana kowace shekara, ganin jinjirin watan azumi da na salla. Watan sama kwana 29 da rabi ne a matsakaici, kuma jinjirin da bai nisanci rana da kimanin daraja bakwai ba ba ya ganuwa ga ido. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido tsirara ya haura awa goma sha biyar da haihuwa. Fadar Sarkin Musulmi da kwamitinta na ganin wata su ke da hukunci, amma hukunci na tsayawa ne a kan shaida, kuma ƙasar da ke da mutum ɗari da suka saba fita kowane wata, suka san inda za su duba da yadda jinjiri ke kwanciya, ta fi ƙasar da ke tuna sama sau biyu a shekara ingancin shaida.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne da jami'o'i. Gwamnati ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a 2003, kuma Nsukka ta daɗe da zama cibiyar falakin zamani a ƙasar nan, tun zamanin Samuel Okoye wanda ya yi digirinsa na uku a Kambirij. Madalla. Amma tarihin falaki cike yake da mutanen da suka yi aiki a bayan ɗaki. William Herschel makaɗi ne a garin Bath na Ingila, shi ya goge madubinsa da hannunsa, kuma daga lambun gidansa ya gano duniyar Yuranus a ranar 13 ga Maris, 1781. John Dobson, wanda ya yi shekaru a gidan ibada a Kalifoniya ba shi da ko sisi, ya riƙa harhaɗa madubin hangen nesa da gilashin tagar jirgin ruwa da bututun kwali da falankin katako, kuma tsarin da ya fito da shi har yau shi ne mafi araha a duniya. Thebe Medupe na Afirka ta Kudu yana ɗan shekara 13 ya haɗa nasa lokacin da tauraro mai wutsiya na Halley ya zo a 1986. Shi ne daga baya ya jagoranci binciken ilimin taurari a rubuce-rubucen Tumbutu.

In an zo ga wuri kuwa, Allah ya yi wa Zariya rabo. Tana kan daraja 11 arewa da tsakiyar duniya, abin da ke nufin kusan kashi 99 cikin ɗari na sararin sama yana bi ta kanta a tsawon shekara, alhali mutumin Landan ba ya samun fiye da kashi 81. Tauraron arewa na nan ƙasa-ƙasa, daraja 11 daga doron ƙasa. A kudu ana ganin Suhailu sarai, ana ganin gungun nan mai siffar gicciye da Turawan arewa ke biyan kuɗin jirgi don su gani. Rana na tsayawa tsakar ka sau biyu, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta, ranar da sanda ke rasa inuwa da zawali. Cikas ɗinmu yanayi ne: gajimare daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi daga Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin gwal shi ne kaka, ƙarshen Oktoba da Nuwamba, da kuma duk daren damina da ruwa ya wanke sama ya wuce.

Cikas na biyu sabo ne. Dogarawa na bakin hanyar Kano, ga gidajen mai, ga manyan motoci da ke kwana suna wucewa. A da ɗauke wuta kan yi wa mai kallon sama gata, amma fitilun sola masu farin haske sun kawo ƙarshen wannan, ga su a kowace ƙofa har asuba. Ba laifin kowa ba ne, halin tsaro ne ya kawo. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna hasken da ke dusashe taurari yana ƙaruwa da kusan kashi goma cikin ɗari a shekara a wuraren da aka auna. Yaron da aka haifa a Kwangila bana zai iya girma bai taɓa ganin farin hazon nan da ke ratsa sama ba.

Maganin da ya fi kusa yana cikin ginin gidanmu na gargajiya. Tsakar gida mai katanga ta ko'ina, sama a buɗe, ita ce ainihin abin da Bature ke kashe kuɗi ya gina: bango na tare fitilar titi da iska, sama kuma ta rage. Ina ba da shawarar a zauna a ƙasa, a bar saman bene. Wanda ya hau rufi da madubin hangen nesa yana leƙa tsakar gidan maƙwabta ko bai yi niyya ba, kuma fiƙihunmu na Malikiyya bai ɗauki wannan da wasa ba. Ga shi kuma dogon bututu a kan rufi da tsakar dare, a wannan zamani, ba kowane ɗan sintiri ne zai tsaya tambaya ba. Kafin a fara, a je a gai da mai unguwa da liman, a gayyace su su ga zoben Zuhal da idonsu. Wanda ya gani sau ɗaya ba ya sake kiran abin duba.

Kayan aiki kuwa a bi su daki-daki. Wata shida na farko ido ya isa, da manhajar Stellarium wadda kyauta ce a waya da kwamfuta, da tocila da aka rufe bakinta da jan leda, domin ido na bukatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu kuma farin haske na rushe wannan nan take. Bayan haka sai madubi mai ido biyu, irin mai lamba 10x50. Da shi za a ga ramukan wata, a ga 'ya'yan Kaza sun wuce bakwai nesa ba kusa ba, in an dafa hannu a kan katanga har watannin Mushtari huɗu da Galileo ya gani a 1610. Shi ne kuma abokin neman jinjirin wata, amma sai bayan rana ta faɗi gaba ɗaya, don duban rana ta cikin gilashi na makantar da mutum cikin ƙiftawa. Mai son ya wuce nan ya nemi irin na Dobson mai faɗin milimita 150, wanda ke tara haske fiye da ƙwayar ido sau ɗari huɗu da wani abu. Madubin ciki da gilashin ido kaɗai ne sai an yi odarsu. Akwati da gindi aikin kafinta ne na kwana biyu. A guji ƙananan nan masu siririyar ƙafa da ake rubuta wa alkawarin girma sau ɗari biyar a kwali, rawa suke yi ko kaza ta gifta.

Ɗakin kansa ba ya wuce taku uku-uku. Ga mai na'ura mai bukatar gindi tsayayye, a haƙa rami a kafa bututu a cika shi da kankare, kada ya haɗu da daɓen da ake takawa, don kada motsin ƙafa ya girgiza hoto. Rufin ya zama mai turuwa a kan ƙarfe biyu, irin aikin da duk mai walda a Sabon Gari ya iya, tun da tsarin ƙofar gareji ne aka kwantar. Kwano da siminti na shan zafin rana su yi ta fitar da shi da dare, iska ta yi ta rawa a bakin madubi, don haka a buɗe rufin tun magariba, a shafa masa farin fenti. Katako kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba: a rufe bututun ta baki biyu, kuma kada a taɓa share madubi da ƙyalle busasshe, don ƙurar hunturu yashi ce, tana karce shi. Mai wannan ɗaki zai iya yi wa unguwa wani aiki tun a shekarar farko: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana na tsaye a kan Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta a wannan minti ya fuskanci alƙibla.

Abu na ƙarshe shi ne mafi araha, littafin rubutu. A Tumbutu wani ya rubuta a gefen littafi cewa a watan Rajab na 991, wato 1583, bayan tsakar dare taurari sun yi ta zubowa, kuma masana na amfani da wannan 'yan layuka har yau. A rubuta kwanan wata, da lokaci, da yanayin sama, da abin da aka gani da wanda aka nema ba a gani ba: daren da Kaza ta fara ɓullowa, da magaribar da jinjiri ya bayyana, da ranar ruwan shuka. Cibiyar binciken noma ta Samaru na da ma'aunin ruwan sama na shekaru masu yawa da za a iya gwada irin wannan rubutu da shi. Wanda ya fara bana zai kasance da littattafai cike kafin 20 ga Maris, 2034, ranar da cikakken husufin rana zai sake ratsa Nijeriya, wannan karon ta kudu, ta kan Legas, mu kuma a Zariya mu ga rana ta koma kamar lauje da hantsi.